Edward Thorp: Tarihin Malamin Lissafin da Gidajen Caca Suka Kora

Caca ta girmi lissafinta da dubban shekaru. Masu tonon kayan tarihi sun samo ƙasusuwan idon sawun tumaki da mutanen Girka da Rum suke jefawa a kan kuɗi. A ƙasar Hausa da wuri aka yi ta: a watsa 'yan wuri a ƙasa, a duba nawa suka kife, nawa suka yi rigingine, wanda ya ci ya kwashe. Larabawan jahiliyya da kibau suke yi, a yanka raƙumi, kibiyar da ta fito ta nuna rabon kowa, har Alƙur'ani ya haramta abin tare da giya a Suratul Ma'ida. A duk waɗannan wurare ɗan caca abu ɗaya ya sani, wato sa'a. In ya ci, ranarsa ce. In an cinye shi, an yi masa asiri ko ya tashi da ƙafar hagu. Ba wanda ya zauna ya tambayi sau nawa abu kaza zai fito idan aka jefa sau dubu.

Ba rashin masu lissafi ya jawo haka ba. A Basra, Khalil bin Ahmad ya ƙirga iyakar kalmomin da za a iya haɗawa daga haruffan Larabci tun ƙarni na 8. A Bagadaza, a ƙarni na 9, Al-Kindi ya nuna yadda ake warware rubutun sirri ta hanyar ƙirga harafin da ya fi yawan fitowa. Mu ma muna da namu: Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya rubuta littafi kan hatimin lambobi a 1732. Ana cewa a zaurukan ilimin da ke kewaye da Gobarau ya fara karatu, amma wannan zancen baka ne. Abin da yake a rubuce shi ne rasuwarsa a Alƙahira a 1741, a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, domin ɗan mai masaukin nasa, Abdurrahman, ya saka shi a littafinsa na tarihi. Waɗannan malamai sun kai lissafinsu ga gado da falaki da harshe. Teburin caca ba wurin zaman malami ba ne a wurinsu, saboda haka ilimin yiwuwa ya jira mutanen da ba su jin kunyar zama a can.

Na farkonsu Girolamo Cardano ne, likita ɗan Italiya da aka haifa a 1501, wanda caca ta ci masa dukiya da mutunci. Ya rubuta ɗan littafi kan jifan ƙwayar ludo mai fuska shida, amma ba a buga shi ba sai 1663, shekara 87 bayan mutuwarsa. Akwai labarin da ake bayarwa cewa ya yi hasashen ranar mutuwarsa, da ranar ta zo sai ya kashe kansa don kada a ƙaryata shi. Almara ce, ba ta da madogara. A 1654 wani Bafaranshe mai son caca, de Méré, ya kai wa Blaise Pascal wata matsala: idan mutum biyu suna caca aka katse wasan kafin ya ƙare, yaya za a raba kuɗin da ke ƙasa? Wasiƙun da Pascal da Pierre de Fermat suka yi musaya a kai a wannan shekara su ake ɗauka a matsayin tushen ilimin. Sannan a 1713 aka buga littafin Jacob Bernoulli na Basel, wanda ya tabbatar da cewa jifa ɗaya ba ta da tabbas, amma jifa dubu ɗari tana da shi. Wannan hukunci gidajen caca ya yi wa daɗi. Faifan rulet na Amurka yana da gurbi 38, amma in ka ci ninki 35 ake biyan ka. Wannan ɗan giɓi yana ba gidan kashi 5.26 cikin 100 na duk kuɗin da aka zuba, kuma ba wata dabarar ƙara kuɗi ko ragewa da za ta kankare shi. Kusan shekara 250 masana sun tsaya a kan cewa ba a cin gidan caca.

1932 zuwa 1958

An haifi Edward Oakley Thorp a Shikago ranar 14 ga Agusta, 1932, a tsakiyar karayar tattalin arzikin da ta jefa miliyoyin Amurkawa cikin rashin aiki. Mahaifinsa tsohon soja ne na Yaƙin Duniya na Ɗaya da ya koma gadin banki. Lokacin Yaƙi na Biyu iyalin suka ƙaura zuwa Lomita a Kalifoniya, uwa da uba suka shiga aikin masana'antun yaƙi, yaro ya tashi kusan shi kaɗai. Labarin ƙuruciyarsa daga bakinsa muka same shi, a littafin rayuwarsa na 2017, saboda haka a ɗauke shi a matsayin abin da dattijo ya tuna. Ya ce bai fara magana ba sai da ya kusa shekara uku, yana tashi cikin dare ya raba jaridu don samun kuɗin sayen kayan gwaje-gwaje, ya haɗa rediyo, ya haɗa albarushi. Halin da ya ce ya tashi da shi, kuma rayuwarsa ta gaskata, shi ne ƙin yarda da magana sai ya gwada da hannunsa.

Ya yi digiri na farko da na biyu a kimiyyar fiziks a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, ya auri Vivian a 1956, ya kammala digirin digirgir a lissafi a 1958.

Kartar da ba ta mantuwa

A hutun ƙarshen 1958 shi da matarsa suka tafi Las Vegas, don ɗakin kwana da abinci suna da araha a can. Kafin tafiyar wani abokin aiki ya nuna masa wata maƙala ta 1956 da wasu sojoji huɗu, Baldwin da Cantey da Maisel da McDermott, suka rubuta bayan sun daɗe suna fama da injinan lissafi na tebur. Sun gano hanyar buga wasan karta na ashirin da ɗaya wadda take rage rinjayen gida zuwa ƙasa da kashi 1 cikin 100. Thorp ya zauna da dala 10 da 'yar takarda a hannu, mutanen tebur suna yi masa dariya. Ya tashi an cinye masa dala 8.50. Amma ya fito da tambayar da ta fi kuɗin daraja.

Ga yadda wasan yake. Kai da mai rabon karta kowa yana neman jimillar da ta kusanci 21 ba tare da ta wuce ba. Kai kana da zaɓi, ka ƙara ko ka tsaya. Mai rabo ba shi da zaɓi: dole ya ja idan yana da 16 ko ƙasa, dole ya tsaya a 17. Abin da Thorp ya lura da shi, wanda dubban mutane suka kalla ba su gani ba, shi ne cewa faifan rulet ba ya tuna juyin da ya wuce, amma kwalin karta 52 yana tunawa. Katin da aka buga an ajiye shi gefe, ba zai sake fitowa ba sai an cakuɗa. Ke nan bayan kowane zagaye, abin da ya rage a hannun mai rabo ya canza. Idan ƙananan kati sun fita da yawa, manya sun rage, mai rabon da aka tilasta wa ja a kan 15 ko 16 zai riƙa wuce 21, kuma ɗan wasa zai fi samun 21 da kati biyu, wanda ake biya ninki ɗaya da rabi. Idan manyan ne suka fita, gida ya ƙara ƙarfi. Rinjaye yana yawo tsakanin ɓangarorin biyu, mai ƙirga abin da ya fita ne kawai zai san inda yake a kowane lokaci.

Sanin haka daban, auna shi daban. Adadin yanayin da kwali zai iya kasancewa ya fi ƙarfin alƙalami. A 1959 Thorp ya samu aikin koyarwa a cibiyar fasaha ta MIT, inda akwai kwamfuta IBM 704. Ya koya wa kansa yaren Fortran, yana huda katunan umarni yana kaiwa a saka masa. Amsar da ta fito ta ba shi mamaki: cire kati huɗu masu lamba biyar kaɗai daga kwali yana mayar da rinjaye hannun ɗan wasa da fiye da kashi 3 cikin 100. Daga nan ya tsara hanyar ƙirga goma-goma da mutum zai iya riƙewa a ka: ka zuba kaɗan idan kwali na gida ne, ka zuba da yawa idan ya dawo naka.

Don kada wani ya riga shi, ya nemi a buga sakamakon a mujallar Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa, wadda sai da hannun ɗan cibiyar ake shiga. A Nuwamba 1960 ya je wurin Claude Shannon, mutumin da ya kafa ilimin sadarwar zamani a 1948. An gargaɗe shi cewa 'yan mintuna kawai zai samu. Shannon ya saurara, ya amince, aka buga maƙalar a Janairu 1961. Kafin Thorp ya fita sai Shannon ya tambaye shi ko yana da wani abu kuma kan caca. Thorp ya ambaci rulet, hira ta koma ta sa'o'i.

Dabararsu a kan rulet ba ta ƙarya hukuncin Bernoulli ba, kewaye shi ta yi. Ƙwallon da ke zagaya faifai abu ne mai nauyi da gudu, kuma ana ci gaba da karɓar kuɗi bayan an sake shi. In ka auna saurin ƙwallo da na faifai, za ka iya ƙiyasta yankin da zai faɗa. Suka sayi faifai na gaske suka kafa a gidan Shannon, suka ƙera na'ura mai girman kwalin taba, mai taransisto 12. Da babban yatsan ƙafa ake danna ta a cikin takalmi, ita kuma ta aika sauti zuwa kunne. A ɗakin gwaji ta ba su rinjayen kashi 44 cikin 100. Sun kai ta Las Vegas a 1961, ta yi aiki, amma siririyar wayar kunne tana yawan tsinkewa, suka ajiye ta. Yau ana lissafa ta a matsayin kwamfuta ta farko da aka saka a jiki. Jihar Nevada ta haramta irin waɗannan na'urori a 1985.

Kyautar da Shannon ya yi masa wadda ta fi na'urar amfani ita ce nuna masa maƙalar John Kelly, wani masanin ɗakin binciken Bell, ta 1956. Tambayar Kelly ita ce: in kana da rinjaye, nawa za ka zuba? Amsar a sauƙaƙe: daidai gwargwadon rinjayen. Idan a wasan da ake biyan ninki ɗaya kana ci sau 51 ana cinye ka sau 49, kashi 2 cikin 100 na jarinka za ka zuba, ba ƙari. Wanda ya ninka wannan, jarinsa ba zai ƙaru ba komai daɗewa. Wanda ya wuce haka zai karye, ko da lissafinsa na rinjaye daidai ne, domin jerin faɗuwa dole ya zo, kuma wanda ya rasa rabin jarinsa sai ya ninka abin da ya rage kafin ya koma inda yake. A ganina wannan ne ƙashin bayan rayuwar Thorp, ya fi ƙirgar kati muhimmanci. Masu wayon gano rinjaye suna da yawa a tarihi, masu haƙurin auna abin da za su zuba su ne kaɗan.

Reno, 1961, da abin da ya biyo baya

Da ya gabatar da bincikensa a taron masana lissafi a Washintan a Janairu 1961, jaridu suka ɗauka, wasiƙu suka yi ta zuwa daga masu son ba shi jari. Ya zaɓi wasu attajirai biyu na New York, Emmanuel Kimmel da Eddie Hand. Daga baya aka bayyana cewa Kimmel, mai kamfanin wuraren ajiye motoci, ya yi arzikinsa na farko a harkar cacar ɓoye tare da manyan 'yan daba. Thorp ya ce bai san haka ba a lokacin. Sun yi masa tayin dala 100,000, ya ce 10,000 ta isa, domin bai saba riƙe kuɗi mai yawa ba kuma yana tsoron hannunsa ya yi rawa. Ya fara da zuba dala ɗaya zuwa goma har sai da zuciyarsa ta daina bugawa, sannan ya hau. A cikin kimanin sa'a 30 na wasa a Reno da Tafkin Tahoe, jarin ya haifi ribar dala 11,000.

A 1962 ya fitar da littafin Beat the Dealer, ya bayyana dabarar duka. An sayar da fiye da kwafi 700,000. Gidajen caca suka fara da raini, suka koma tsoro. Suna cakuɗa kati da zarar ya ƙara kuɗi, suna kawo masu rabo 'yan damfara, suna korar sa, har ya koma shiga da gemu da tabarau. Ya ba da labarin cewa a wani gida an zuba masa wani abu a kofi har sau biyu, kuma a hanyar komawa gida totur ɗin motarsa ya maƙale a kan gangara. Shi ya faɗa, ba kotun da ta bincika, amma duk wanda ya san su waye suka mallaki Las Vegas a wancan zamani ba zai yi saurin ƙaryata shi ba. Ranar 1 ga Afrilu, 1964, ƙungiyar otal-otal ɗin birnin ta sauya dokokin wasan. 'Yan wasa suka ƙaurace, cikin 'yan makonni aka dawo da tsofaffin dokoki. Sai gidajen suka koma haɗa kwali huɗu, shida, har takwas wuri ɗaya.

Abin dariyar shi ne littafin ya azurta gidajen caca. Dubban mutane sun karanta rabinsa, suka tafi Las Vegas da yaƙinin sun gano sirri, suka kasa ƙirga cikin hayaniya da giya, aka cinye su. Wasan ashirin da ɗaya ya zama wasan tebur mafi farin jini a Amurka.

Daga tebur zuwa kasuwa, 1964 zuwa 1969

Thorp ya koyar a jami'ar jihar New Mexico daga 1961, ya koma sabuwar jami'ar Kalifoniya da ke Irvine a 1965. Kuɗin littafi da na karta ya zuba su a hannun jari, kasuwa ta koya masa hankali. Ya sayi hannun jarin wani kamfanin kayan mota don ya karanta yabonsa a jarida, farashin ya faɗi da rabi. Ya sayi azurfa da bashi, aka share shi. Ya gane cewa a nan shi ne baƙon da ya zauna a tebur bai san dokar wasa ba, sai ya kwashe hutu biyu yana karatu.

Abin da ya ja hankalinsa wata takarda ce da kamfanoni ke fitarwa, wadda ke ba mai ita damar sayen hannun jari a kan ƙayyadadden farashi kafin wata rana. Idan farashi ya haura, takardar ta yi daraja ninki-ninki. Idan bai haura ba, ta zama shara. Mutane suna sayen ta da tsada fiye da ƙimarta, saboda kwaɗayin babban ci. A Irvine ya haɗu da masanin tattalin arziki Sheen Kassouf, wanda shi ma ya gano haka. Dabararsu ita ce su ari takardar mai tsada su sayar, a lokaci guda su sayi ainihin hannun jarin. In kasuwa ta hau, ribar wannan ta rufe asarar wancan. In ta sauka, haka nan. Abin da ya rage musu shi ne tsadar banza da aka ɗora wa takardar. Mai harkar hatsi a Rogo zai gane bambancin nan take. Wanda ya sayi masara da kaka ya kulle a sito yana jiran bazara, ya jingina ne ga abin da bai sani ba, kuma waɗanda suka tara hatsi da tsada a ƙarshen 2024 sun ji a jikinsu da farashi ya faɗi a 2025. Wanda kuwa ya sayi buhu a ƙauye da safe alhali ya riga ya yi ciniki da mai saye a Dawanau, tazarar farashin biyu ce ribarsa, ko kasuwa ta hau ko ta sauka. Thorp irin na biyun ne.

Sun buga littafin Beat the Market a 1967. A wannan shekara Thorp ya fitar wa kansa ƙa'idar lissafin ƙimar irin waɗannan takardu, ya yi shiru yana amfani da ita. A 1973 Fischer Black da Myron Scholes suka buga ƙa'ida iri ɗaya tare da hujjarta, kuma a kanta aka ba Scholes da Robert Merton kyautar Nobel a 1997. A 1968 ya haɗu da shahararren mai juya jari Warren Buffett, wanda yake rufe asusun jarinsa a lokacin. Wani shugaban sashe a jami'ar Irvine, wanda ke da kuɗi a wurin Buffett, shi ya haɗa su, don Buffett ya auna masa Thorp kafin ya mayar da kuɗin hannun Thorp. Sun yi wasan karta, Thorp ya ci jarrabawar.

1969 zuwa 1988

A Nuwamba 1969 shi da wani dillalin hannun jari, Jay Regan, suka kafa asusun zuba jari da dala miliyan 1.4, wanda aka sauya wa suna zuwa Princeton Newport Partners a 1974. Thorp da masu lissafi da kwamfutoci suna Kalifoniya, Regan da masu ciniki suna gabashin ƙasar. A 1973 da 1974 kasuwar Amurka ta zube da kusan rabi, asusun ya ci riba. Ranar 19 ga Oktoba, 1987, ma'aunin Dow ya faɗi da kashi 22.6 cikin 100 a yini ɗaya, asusun bai girgiza ba. Cikin shekara 19 ba shekarar da ya yi asara, ribarsa tana kai kimanin kashi 19 cikin 100 a shekara kafin a cire ladan masu gudanarwa, jarin ya kai kusan dala miliyan 270. Ya bar koyarwa a 1982.

Abin da ya kashe asusun ba daga kasuwa ya zo ba. A Disamba 1987 jami'an gwamnatin tarayya ɗauke da makamai suka dira ofishin Princeton. Mai gabatar da ƙara Rudolph Giuliani, wanda daga baya ya zama magajin garin New York, yana farautar Michael Milken na kamfanin Drexel, kuma yana son Regan ya ba da shaida a kansa. Regan ya ƙi. Aka gurfanar da shi da wasu abokan aiki kan laifukan haraji da ciniki, aka same su da laifi a 1989, kotun ɗaukaka ƙara ta soke mafi yawan hukuncin a 1991. Ba a tuhumi Thorp da komai ba, amma ya riga ya rufe asusun. Mutumin da ya auna kowace irin faɗuwar farashi bai sa ido sosai kan abin da abokin kasuwancinsa ke yi a ɗaya ofishin ba.

Shekara goma bayan haka aka ga abin da rashin bin Kelly ke jawowa. Asusun Long-Term Capital Management, wanda Scholes da Merton suke cikin shugabanninsa, ya ci bashi ninki fiye da ashirin na jarinsa. Da Rasha ta kasa biyan bashinta a 1998, ya yi asarar dala biliyan 4.6 cikin 'yan watanni. Thorp ya ƙi zuba musu kuɗi tun farko.

1991: ribar da ta yi kyau fiye da kima

A 1991 wani kamfani ya ɗauke shi ya duba masa inda ya zuba kuɗinsa. Ɗaya daga cikin masu juya kuɗin yana kawo riba kusan kowane wata, ba hawa ba sauka. Thorp ya san dabarar da mutumin ya ce yana bi ba za ta iya ba da haka ba. Ya ɗauki takardun ciniki ya gwada da bayanan kasuwa, ya tarar kusan rabin cinikin ba a taɓa yin su ba, wasu kuma sun fi duk abin da aka sayar a ranar yawa. Ya ce wa kamfanin ya janye kuɗinsa, ya janye. Sunan mutumin Bernard Madoff. Sai a Disamba 2008 aka kama shi, da takardun ƙarya na kusan dala biliyan 65, aka yanke masa shekara 150.

Thorp bai kai ƙara hukuma ba. Hujjarsa ita ce Madoff babba ne a kasuwar, har ya shugabanci kasuwar hannun jari ta NASDAQ, ba mai saurare. Akwai gaskiya a ciki, domin wani mai binciken kuɗi, Harry Markopolos, ya yi ta kai ƙarar Madoff tun 2000 ba a kula shi ba. Duk da haka, shekara 17 na mutanen da suka ci gaba da zuba fanshonsu a rami ba ƙaramin abu ba ne, kuma a nan ni ban ga abin yabo ba.

Gwajin da ya yi wa Madoff bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba. Harkar zuba kuɗi ta MMM ta Sergei Mavrodi, wadda ta shigo Najeriya a 2015, ta yi alkawarin kashi 30 cikin 100 a wata. Naira 100,000 a haka za ta zama miliyan 2.3 a shekara ɗaya, ta haura miliyan 54 a shekara biyu. Ba gona, ba masana'anta, ba fatauci a duniya da ke haihuwa haka. Ta daskarar da asusun mutane a Disamba 2016, hukumar inshorar ajiyar banki ta ce kimanin mutum miliyan uku sun rasa naira biliyan 18. A Afrilu 2025 wata irinta, CBEX, ta maimaita wasan.

Thorp ya sake gudanar da wani asusu daga 1994 zuwa 2002, ya rufe da ya ga masu irin dabararsa sun yi yawa, rinjaye ya ragu. Vivian ta rasu a 2011. Shawarar da yake bai wa mutumin da ba shi da kwamfuta da ma'aikata ita ce kada ya yi ƙoƙarin cin kasuwa, ya sayi ɗan kaɗan na kowane kamfani ta asusu mai arha, ya haƙura.

Tikitin ƙwallo

A Najeriya gwamnatin soja ta haramta injinan kalo-kalo a 1977. Kano ta ƙaddamar da shari'a a 2000, gwamnatin tarayya ta yi dokar caca ta ƙasa a 2005, kamfanonin cacar ƙwallo irin su Nairabet da Bet9ja suka bunƙasa daga 2009 zuwa 2013, wayar hannu ta ƙarasa aikin. Yau saurayi a Rogo Sabon Gari ko Karaye ba ya buƙatar shago. Daga gidan kallon ƙwallo, ko daga kan babur ɗinsa, zai haɗa tikiti. A Oktoba 2024 Hisbah ta rufe shagunan caca a birnin Kano, a Nuwamba kuma Kotun Ƙoli ta soke dokar 2005, ta ce hurumin jihohi ne. Wannan ya ƙarfafa hannun jihar a kan shaguna. Manhajar da ke cikin waya kuwa ba ta san iyakar Kano da Kaduna ba, balle ƙaramar hukuma irin Rogo da ke bakin iyakar.

Hukuncin addini a kan caca sananne ne, malamai sun yi bayaninsa. Lissafin Thorp ta wata ƙofa yake shigowa, ya iske su a wuri ɗaya. A ɗauki wasan da ɓangarorin biyu suke kunnen doki, kamfani ya sa ninki 1.90 a kowane gefe. Adalci shi ne ninki 2, saboda haka a kowace naira 100 an riga an yanke naira 5. Mai haɗa wasa goma a tikiti ɗaya yana ganin naira 100 za ta zama 61,300. Yiwuwar duka goman su shiga ɗaya ce cikin 1,024, ke nan biyan adalci naira 102,400 ne. Yankan kashi 5 ya zama kashi 40. Shi ya sa kamfanonin suke tallata dogon tikiti, har da ƙarin garaɓasa. Kuma wasan Arsenal na jiya ba ya fita daga kwali kamar kati mai lamba biyar, babu abin ƙirgawa da masu kwamfutocin kamfanin ba su riga sun ƙirga ba. 'Yan kaɗan ɗin da suke samun rinjaye na gaske, a Ingila an san abin da kamfanonin caca ke yi musu: a rage musu iyakar abin da za su iya zubawa zuwa 'yan sulalla, ko a rufe asusun gaba ɗaya.